Daga Kan Sarki Zuwa Tuta: Nazarin Hoton Tutar Ƙasa a Kan Sarkin Ghana da Nijeriya da Biyafara, 1957–1970

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci yadda aka yi amfani da hoton tutar ƙasa a zanen kan sarki a Ghana da Nijeriya da kuma Biyafara, daga 1957 zuwa 1970. An dubi abin da aka zana, da kuɗin da aka ɗora wa zanen, da lokacin da aka fitar da shi. Muƙalar ta nuna cewa yawan fitowar tuta a kan sarki ba ma'aunin kishin ƙasa ba ne. Abin ya fi rataya a kan irin shakkar da ke tattare da ikon hukumar da ta fitar da shi, da wanda take son ya gani, da kuma ko siffar tutar kanta za ta iya jure ƙanƙantar takarda da tawadar hatimi.

1.0 Gabatarwa

Ɗan guntun takardar nan da ake mannawa a jikin ambulan kafin a jefa wasiƙa a gidan waya, Bahaushen Nijeriya ya raɗa masa suna "kan sarki". Sunan ya samo asali ne daga abin da ido ya gani. Waɗanda Turawa suka fitar wa Arewacin Nijeriya a 1900 suna ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya, na bayansu suka zo da kan Sarki Edward na Bakwai, sannan na Sarki George na Biyar, wanda a zamaninsa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. Hausawan Nijar kuwa "tambur" suke cewa, kalmar da suka aro daga Faransanci, kuma ko da sun so su kira shi kan sarki babu dalili, domin Faransa jamhuriya ce, ba ta da sarkin da za ta buga kansa.

Da 'yancin kai ya ƙarato, sai wannan suna ya zama tambaya a aikace: idan aka cire kan sarkin Ingila, me za a sa a gurbinsa? Amsoshin da ke gaban sababbin gwamnatoci sun haɗa da kan shugaban ƙasa, da taswira, da tambarin ƙasa, da amfanin gona, da tuta. A cikinsu tuta ce ta fi kama da amsa mai sauƙi, tunda ba ta wata ƙabila ba ce, ba kuma ta mutum ɗaya ba. Amma duk da haka ƙasashen da aka nazarta ba su yi amfani da ita iri ɗaya ba, kuma bambancin nasu shi ne abin da wannan muƙala ta sa a gaba.

Akwai abin da mai karatu Bahaushe ya riga ya sani game da tuta wanda zai taimaka a nan. A tarihin Daular Sakkwato, tuta izini ce. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Modibbo Adama da Buba Yero da Malam Yakubu na Bauchi tutoci, ya ba su iko ne su yi aiki da sunan jama'a a yankunansu, kuma duk wanda ya ga tutar ya san daga inda ikon ya fito. Da wannan ma'ana aka karanta tutocin da ke kan sarki a wannan nazari, wato a matsayin iƙirarin iko da ake son wani ya gani ya kuma amince.

2.0 Kan Sarki a Matsayin Shaidar Iko

An fara amfani da kan sarki a Ingila ranar 6 ga Mayu, 1840, bisa shawarar Rowland Hill. Aikinsa na asali shi ne ya zama rasit, shaidar cewa mai aika wasiƙa ya biya kuɗin kai ta. Sai dai rasit ne da hukuma kaɗai ke da hurumin fitarwa, kuma yana tsallaka iyaka. Tun da aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern a 1874, ƙasashe suka amince kowace ta riƙa isar da wasiƙar da aka biya kuɗinta da kan sarkin 'yar'uwarta. Ke nan, duk ma'aikacin gidan wayan da ya karɓi wasiƙa daga wata ƙasa ya miƙa ta ba tare da neman ƙarin kuɗi ba, ya amince a aikace da ikon ƙasar da ta fitar da kan sarkin. Ƙa'idar ƙungiyar ta tanadi a rubuta sunan ƙasa a jikinsa. Birtaniya ce kaɗai aka ɗauke wa wannan, saboda ita ta fara, kuma har yau kan mai sarauta ne yake tsaya mata a madadin suna.

Masanin halayyar zamantakewa Michael Billig, a littafinsa na 1995 kan kishin ƙasa na yau da kullum, ya bambanta tutar da ake kaɗawa a taro da tutar da ke rataye a ƙofar ma'aikata ba wanda ya kula da ita. A ganinsa ta biyun ce ta fi aiki a ƙasashen da suka kafu, domin tana tunatar da mutum ƙasarsa ba tare da ya lura ba. Wannan rabo yana da takwara a aikin gidan waya. Akwai kan sarki na yau da kullum, wanda ake bugawa da yawa a yi shekaru ana sayarwa, akwai kuma na tunawa, wanda ake fitarwa domin wani biki a janye shi bayan ɗan lokaci. Tuta a na farko ita ce tutar da ke rataye, a na biyu kuwa ita ce wadda ake kaɗawa. Abin lura shi ne, rabon Billig ya fi dacewa da ƙasashen da ba mai jayayya da wanzuwarsu. A Afirka ta shekarun 1960 mafi yawan tutocin sababbi ne, ba su daɗe a rataye har ido ya saba da su ba.

Indiya ta ba da misalin da ya fi fito da batun wanda ake yi wa magana. Kan sarkinta na farko bayan 'yanci, wanda ya fito ranar 21 ga Nuwamba, 1947, hoton tutar ƙasa ne, kuma kuɗinsa, ana uku da rabi, na wasiƙar ƙasar waje ne. Wanda aka tanada domin wasiƙun cikin gida, mai ana ɗaya da rabi, zakunan ginshiƙin Sarki Ashoka aka sa masa. Wato tuta aka aika wa duniya, tarihi kuma aka bar wa 'yan gida. Saboda haka, a wannan nazari an ɗauki kuɗin da ke jikin kan sarki a matsayin ɓangare na saƙonsa.

Sannan akwai matsalar maɗaba'a, wadda sau da yawa masu sharhin alamomi kan tsallake. Tuta launi ce kafin komai, alhali kusan ƙarni guda mafi yawan kan sarki da launi ɗaya ake buga shi, daga zanen da aka sassaƙa a farantin ƙarfe. Amurka ta sa tuta a kan sarkinta mai santi 30 tun 1869, da launi biyu. A 1943 da 1944, da ta so fitar da guda goma sha uku masu tutocin ƙasashen da aka mamaye a Yaƙin Duniya na Biyu, sai da ta ba wani kamfani mai zaman kansa aikin, saboda maɗaba'ar gwamnati ba ta da injin da zai haɗa launukan. Sai ranar 4 ga Yuli, 1957 ta fitar da kan sarkin da tutarta ce kaɗai a kansa da cikakken launinta. Wasu Amurkawa ma suka yi ƙorafi cewa buga baƙin hatimi a kan tuta cin mutuncinta ne. Ƙorafin ba na banza ba ne, domin kan sarki shi ne wuri ɗaya da doka ta umarci ma'aikacin gwamnati ya ɓata tutar ƙasarsa da hannunsa, sau ɗaruruwa a wuni. Abin da ya shafi Afirka a nan shi ne dacewar lokaci: shekarar da bugu mai launuka ya yi sauƙi har tuta ta iya fitowa yadda take, ita ce shekarar da Ghana ta sami 'yanci.

3.0 Ghana: Baƙin Tauraro da Kan Shugaba

Ghana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957, da tutar da Theodosia Okoh ta zana: ratsin ja da rawaya da kore a kwance, da baƙin tauraro a tsakiya. Launukan na Habasha ne, tauraron kuma yana komawa ga kamfanin jiragen ruwan da Marcus Garvey ya kafa a Amurka a 1919. Amma a ranar 'yanci ba tuta aka sa a gurbin kan sarauniya ba. Kwame Nkrumah ne ya sa kansa, tare da taswirar Afirka da tsuntsu yana shawagi, sannan aka ɗauki ragowar kan sarkin zamanin mulkin mallaka aka buga musu sabon sunan ƙasa da kwanan watan 'yanci a sama.

'Yan adawa, musamman jam'iyyar NLM mai ƙarfi a ƙasar Asante, sun soki wannan mataki a matsayin alamar mutum ɗaya yana neman gadon sarauta. Nkrumah ya kare kansa a wata jaridar Landan a wannan shekara, inda ya kafa hujja da cewa da yawa daga cikin jama'arsa ba su iya karatu ba, don haka sai da alama za a nuna musu cewa sun sami 'yanci da gaske. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta kai shi inda yake so ba. Idan abin da ake nema shi ne alamar da marar karatu zai gane, ai tuta ta isa. Zaɓen kan mutum yana nuna cewa abin da aka so a gane ya wuce 'yanci, ya haɗa da wanda ya kawo shi.

Daga 1958 sai tuta ta fara cika kan sarkin Ghana. A jerin cika shekara ɗaya da 'yanci ta fito tare da gine-ginen Accra da tambarin ƙasa, a na Ranar 'Yancin Afirka ta 15 ga Afrilu, 1959 kuma aka jera tutocin ƙasashen Afirka masu 'yanci tare da hoton duniya. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko siyasa ce: Nkrumah yana ɗaukar Accra a matsayin cibiyar haɗin kan Afirka, kuma kowace wasiƙa da ta fita jakadiya ce. Na biyu kasuwa ce: tun 1957 Ghana ta ba wani kamfani a New York wakilcin sayar da kan sarkinta ga masu tarawa, su kuwa launi mai ɗaukar ido suke so.

Akwai dalili na uku da ya shafi siffar tutar. Baƙin tauraro yana iya rabuwa da tuta ya tsaya shi kaɗai. Mai zane zai iya ajiye shi a kusurwa, ko a saman gini, ko a gefen jirgi, kuma ko da launi ɗaya aka buga shi ba ya ɓata. Tutocin Gini da Mali, waɗanda launukansu ɗaya ne da na Ghana amma a tsaye, kuma kowace juyin 'yar'uwarta ce, ba su da wannan gata. Ko a tsakanin Cadi da Romaniya, tun da Romaniya ta cire tambarin da ke tsakiyar tutarta a ƙarshen 1989, da wuya ido ya raba su a faɗin ɗan yatsa.

A 1964, bayan ƙuri'ar raba gardamar da ta mayar da Ghana ƙasa mai jam'iyya ɗaya, aka canza ratsin rawaya ya koma fari, domin tutar ƙasa ta yi daidai da launukan jam'iyyar CPP mai mulki. Sojoji suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu, 1966, suka mayar da rawayan, sannan a 1967 suka fitar da sabon kuɗi babu kansa. Wanda ya jera kan sarkin Ghana na waɗannan shekaru zai ga ratsin tsakiya ya yi fari ya kuma koma rawaya, ba tare da an rubuta masa kalma ɗaya ta bayani ba. Wannan ya rushe zaton cewa tuta ba ta da ɓangare. A shekaru biyun nan, ɗan adawar da ya manna kan sarki mai tuta a wasiƙarsa launin jam'iyyar da ke tsare shugabanninsa ya manna.

Kamaru ma ta bar irin wannan sawu. Tutarta ta fito tare da mace ɗauke da yaro a kan sarkin 1958, tun kafin cikakken 'yanci, sannan tare da taswira a na 'yancin 1960. Da Kudancin Kamarun Ingila ya haɗe da ita a 1961 aka ƙara taurari biyu, a 1975 aka mayar da su ɗaya a tsakiya, bayan an soke tsarin tarayya.

4.0 Nijeriya: Tutar da Aka Yi Wa Tsimi

Michael Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a Landan ya shiga gasar zana tuta a 1959, ya ci kyautar fam 100. Zanensa na asali yana da jar rana mai haskoki a tsakiyar farin ratsi. Kwamitin da ya zaɓi zanen ya cire ranar, ya bar kore da fari da kore a tsaye. Ta fuskar siyasa, tuta marar alama ta dace da tarayya mai yankuna uku, kowane da jam'iyyarsa da firimiyansa, inda duk alamar da aka sa wani zai iya cewa ta wani ce. Ta fuskar mai zana kan sarki kuwa, an ɗauke masa abin da zai kama.

Matsalar a fili take. Farin ratsi a kan farar takarda ba komai ba ne face wurin da tawada ba ta taɓa ba, don haka sai an yi wa tutar shinge ko an sa mata duhun launi a baya kafin a gane tuta ce guda, ba layuka biyu kore ba. Idan aka buga ta da launi ɗaya, ba ta da bambanci da tutar Peru. Idan aka ƙanƙanta ta aka sa a kusurwa, baƙin hatimi yana iya haɗiye farin gaba ɗaya.

Jerin 'yancin kai da ya fito ranar 1 ga Oktoba, 1960 guda huɗu ne: na kwabo yana da ginin majalisa, na taro mutum a kwalekwale, na sisi Kotun Ƙoli ta Tarayya, na sule da taro kuma kurciya da sandar wuta da taswira. Babu ɗaya da aka ware wa tuta a matsayin jigon zanensa, duk da cewa a wannan dare aka fara ɗaga ta a Legas. Jerin yau da kullum na 1961 ya bi sawun na 1953 da Turawa suka bari, wanda ya nuna mahayan Barno da gyaɗa da gadar Jebba. Sabon ya zo da gyaɗa da haƙar kwal da yaƙi da jahilci da saƙa da ayarin raƙuma da Babban Banki da filin jirgin saman Kano. An rarraba hotunan ne yadda kowane yanki zai ga abinsa. Wato maimakon alama ɗaya da ta tara kowa, sai aka yi rabon gado, kowa da kasonsa, kuma wannan shi ne ainihin yadda Jamhuriya ta Farko take kallon kanta.

Inda tuta ta fito ma yana da ma'ana. A jerin cika shekara ɗaya da 'yanci, na 1961, tambarin ƙasa aka sa wa na taro, wanda talaka zai saya ya aika wa ɗan'uwansa wasiƙa, tuta kuma ta fito tare da 'yan ƙasa a na sule biyu da sisi, mafi tsada a jerin. A 1964 ta fito kusa da ta Amurka a jerin tunawa da Shugaba Kennedy. Tsarin ya yi kama da na Indiya: tuta tana fitowa ne a inda Nijeriya take tsaye a gaban wasu ƙasashe. A cikin gida, tambari mai baƙar garkuwa da farin layin da ke nuna haɗuwar Neja da Binuwai da dawakai biyu da jar mikiya ya fi ba mai zane abin yi. A 1965 ma namun daji aka zaɓa wa sabon jerin yau da kullum, da zanen Maurice Fievet, abin da ba zai ɓata wa kowane yanki rai ba.

Kuskure ne a karanta wannan tsimi a matsayin ƙarancin kishi. Babu wata ƙasa da ta yi jayayya da 'yancin Nijeriya. Ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a 1961, har ta fitar da kan sarki domin murnar hakan. Shakkar da ke damunta ta cikin gida ce, kuma tuta marar alama ba ta da abin da za ta ce game da ita.

5.0 Biyafara: Tuta a Matsayin Roƙo

Ranar 30 ga Mayu, 1967, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Yankin Gabas da sunan Jamhuriyar Biyafara, bayan juyin mulki biyu na 1966 da kashe-kashen da suka sa 'yan Gabas da yawa barin Arewa. Tutar da aka ɗaga tana da ratsin ja da baƙi da kore a kwance, da rabin rana rawaya mai haskoki goma sha ɗaya a tsakiya, adadin lardunan yankin. Abin mamaki ne cewa ranar da aka cire daga tutar Nijeriya a 1959, irinta ce ta fito a tutar masu neman barinta, kodayake zanen biyu ba su da alaƙa.

Kan sarkin Biyafara na farko sun fito ranar 5 ga Fabrairu, 1968, an buga su a Fotugal. Guda uku ne: taswira, da tambari tare da tuta da kwanan watan ayyana ɓallewa, da uwa da ɗanta. Bayan haka aka ɗauki kan sarkin Nijeriya na namun daji da ke ajiye a gidajen wayan Gabas, aka shafe sunan Nijeriya, aka buga sunan Biyafara da tambarinta a sama. Katanga ta yi irin wannan da kan sarkin Kwango a 1960. Dabarar ta ƙarancin kaya ce, amma tana da saƙo na kanta, domin tsohon sunan yana nan a ƙarƙashin tawada, kuma mai kallo yana ganin aikin shafewar da idonsa.

A jerin cika shekara ɗaya, na 30 ga Mayu, 1968, aka kai amfani da tuta matuƙa. An haɗa ta da hoton masanin kimiyya a bakin aiki, da ma'aikaciyar jinya tare da 'yan gudun hijira, da gawar mutumin da aka kashe, sannan jerin ya ƙare da maraya. Kan sarkin ƙasashe yakan nuna abin alfahari, gini ko amfanin gona ko shugaba. Nuna gawa a kai ya saɓa wa al'adar, kuma ya nuna cewa ba ga ɗan Biyafara mai aika wasiƙa daga Umuahia zuwa Owerri ake magana ba, tunda shi ya riga ya san halin da ake ciki. Da 'yan jarida da coci-coci da ƙungiyoyin agaji na Turai da Amurka ake magana. Tutar tana cewa akwai ƙasa, hoton da ke gefenta kuma yana cewa ana zaluntarta.

A nan iyakar ikon hoto ta bayyana. Ƙasashe biyar ne suka amince da Biyafara: Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya da Haiti. Ba ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ba, saboda haka kan sarkinta ba ya biyan kuɗin wasiƙa a tsarin ƙasashen duniya, kuma wasiƙun da ke fita sukan bi jiragen agaji zuwa tsibirin Sao Tome, a ci gaba da su daga can da kan sarkin hukumar Fotugal. Rodeshiya ta gamu da makamancin haka bayan ta ayyana 'yancin kanta a 1965, lokacin da gidan wayan Birtaniya ya ɗauki wasu wasiƙunta tamkar ba a biya musu kuɗi ba. Wasu daga cikin jerin Biyafara na baya, irin na malam-buɗe-littafi da furanni, kasuwar masu tarawa a Turai aka yi wa su, domin a sami kuɗin waje. Saboda haka mai bincike ba zai ɗauki sabon kan sarkin Biyafara da ba a taɓa mannawa ba daidai da wanda ke jikin ambulan da hatimin gari da kwanan wata. Na farko shaida ne kan abin da gwamnatin Ojukwu ta so a gani, na biyu kuwa shaida ne cewa a wannan rana akwai ma'aikacin da ke zaune a wannan gari yana karɓar wasiƙu da sunanta.

Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. A watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da jerin murnar ƙarewarsa, kuma a nan ma ba tuta ce jigo ba. Alamomin da aka zaɓa, irin su bishiya da sandar wuta, suna nuni ne ga jihohi goma sha biyun da aka ƙirƙira ranar 27 ga Mayu, 1967, kwana uku kafin ɓallewar. Uku daga cikin jihohin nan a tsohon Yankin Gabas suke, kuma biyu daga ciki, Ribas da Kudu Maso Gabas, na ƙananan ƙabilun da tutar mai rabin rana ta yi iƙirarin wakilta ne.